Ƙarfen Gaban Mota: Abin Dubawa Kafin A Ɗaura Shi

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin Kasuwar Kure da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, zai ga irin motocin da suke ciyar da garin. Akwai akori-kura waɗanda jar ƙasa ta rufe har ba a gane launinsu, akwai tsofaffin jif-jif da aka cire wa kujerun baya aka loda musu doya, akwai kuma Hilux na manyan manoma da 'yan kwangila. Da yawa daga cikin motocin nan suna ɗauke da wani gingimemen ƙarfe a gaba, wanda ya tare fitilu da lagireto kamar ƙyauren gidan mai dukiya. Wasu an sayo su ƙerarru daga ƙasashen waje, wasu kuwa aikin masu walda ne na cikin gari.

Idan aka tambayi direba amfanin wannan ƙarfe, amsarsa ba ta da tsawo. Zai ambaci shanu, da kututture, da ramuka, da tsadar fitila. Gaskiya ce kuwa ya faɗa. Amma motar da ta fito daga ƙauye da asuba tafiya biyu take yi a rana ɗaya. Ta farko a daji ce, inda babu kowa sai itatuwa da dabbobi. Ta biyu kuwa a cikin mutane ce, tsakanin 'yan dako da masu tura baro da yara 'yan talla da mata masu goyo. Ƙarfen da ya cece ta a tafiyar farko shi ne zai fara taɓa jikin mutum idan tsautsayi ya auku a ta biyu. Saboda haka mai son ɗaura wa motarsa irin wannan ƙarfe wajibi ne ya yi zaɓinsa yana tuna da hanyoyin nan biyu gaba ɗaya.

Hanyoyin Da Suke Ciyar Da Kasuwa

An raɗa wa kasuwar nan sunan marigayi Injiniya Abdulkadir Abdullahi Kure, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, ya kuma rasu a watan Janairun 2017. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a watan Fabrairun 1976, ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, gama ta haura murabba'in kilomita 76,000, an kuma raba ta ƙananan hukumomi 25. Faɗin nan shi ne arzikinta, shi ne kuma wahalar direbobinta. Doyar da Gwarawa ke nomawa a wajen Kuta da Gwada da Paiko da Sarkin Pawa, da shinkafar fadamun ƙasar Nufe, da dawa da masara da man kaɗanya, babu wanda ke tsiro a bakin kwalta. Kafin ƙwaryar doya, watau guda ɗari, ta iso hannun mai saye a Minna, sai mota ta shiga gona ta ɗauko ta, ta bi hanyar burji, ta ƙetare ƙorama, ta hau tudu mai duwatsu.

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi a wannan ƙasa, ya fi kuma ƙarfi a Agusta da Satumba. A lokacin nan ciyawa takan yi tsawo har ta ɓoye kututture da suri da bakin kwalbati, zaizaya kuma ta yanka hanya ta bar kwazazzabo a inda jiya ake wucewa lafiya. Da rani kuwa ƙura ce ke rufe ido, ga garken shanun Fulani suna ƙetare hanya zuwa mashaya, galibi da sassafe ko da almuru, lokacin da gani ya yi rauni.

Abin da direba ya fi tsoro a irin wannan hanya shi ne fashewar lagireto. Fitila in ta mutu ana iya lallaɓawa a isa gari, amma in ruwan inji ya tsiyaye, tafiya ta tsaya ke nan. A da, wanda motarsa ta lalace a daji asarar yini kawai yake yi. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, har aka sace ɗalibai a Kagara cikin Fabrairun 2021, aka kuma sace na Islamiyya a Tegina cikin Mayun shekarar, kwana a daji ya zama maganar rai da mutuwa. Don haka babu mai ganin laifin direban da ya nemi abin da zai kare gaban motarsa.

Inda Ƙarfen Ya Samo Asali

Motocin da ke ja da ƙafa huɗu sun daɗe a ƙasar nan. Land Rover, wadda aka fara fito da ita a Ingila a 1948, ita ce motar jami'an mulki da malaman gona da na dabbobi tun kafin samun 'yancin kai. Daga baya Land Cruiser ta Japan ta shigo, sa'an nan Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, aka kuma yi mai ja da ƙafa huɗu a 1979. A gefe guda kuma ga akori-kura ƙirar Peugeot, wadda ta cika ƙauyukan Arewa bayan an buɗe masana'antar haɗa motocin a Kaduna a 1975. Ita ba ta ja da ƙafa huɗu, amma ta shiga inda ba a zata ba.

Shi kuwa ƙarfen gaba, a ƙasar Ostireliya ya bunƙasa har ya zama sana'a mai zaman kanta. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, inda mutum kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci bai ga gari ba, ga kuma wata dabba mai tsalle da ake kira kangaru, wadda kan faɗo kan hanya da dare ba zato ba tsammani. Shi ya sa mutanen can suke kiran ƙarfen da sunan wannan dabba, ko kuma da sunan bijimi. Kamfanin TJM ya fara aiki a birnin Brisbane a 1973. A 1975 kuma wani mai suna Tony Brown, bayan ya dawo daga wata tafiya ta arewacin ƙasar inda ya ga yadda hanya ke karya kayan motoci, ya kafa kamfanin ARB a Melbourne. Kayan kamfanonin nan biyu sun bazu duniya, su ne kuma masu walda a ƙasashe da yawa suke kallo suna kwaikwayon siffarsu.

Sai dai a nan akwai abin lura. Ƙaton namijin kangaru da wuya ya wuce kilo 90, mafi yawansu ma ba su kai rabin haka ba. Bijimin Bunaji da ya ƙosa kuwa yakan haura kilo 350, Bokoloji ma yakan fi haka. Bugu da ƙari, sa dogayen ƙafafu gare shi, nauyin jikinsa a sama yake. In mota mai gudu ta buge shi, ƙafafun take sharewa, gangar jikin kuma ta taso ta faɗo kan bonet ko ta shigo ta gilashi. Ƙarfe mai kyau yana rage ɓarna in an bugi tunkiya ko ɗan maraƙi, ko in an yi karo da sa bayan birki ya riga ya ci gudun motar. Amma babu ƙarfen da aka taɓa ƙerawa wanda zai sa mota ta bugi bijimi tana gudun kilomita 100 a sa'a, mutanen ciki su fito suna dariya. Ƙarfin karo ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin-ba-ninki yake yi: motar da ke gudun kilomita 80 tana ɗauke da ƙarfin karo ninki huɗu na wadda ke gudun 40.

Da Me Aka Ƙera Shi?

Tambayar farko da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce, ina motar nan take yini? Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Tunga da Bosso da Chanchaga ba, sai ko hanyar Suleja zuwa Abuja, ba shi da bukatar wannan ƙarfe ko kaɗan. Bambar da kamfani ya sa wa motar ta ishe shi, ta ma fi masa alheri. Wanda ke shiga gona da daji kowane mako shi ne maganar zaɓi ta shafa, kuma iri uku ne a gabansa.

Na farko shi ne na baƙin ƙarfe. Ya fi sauran ƙarfi da juriya, in ya lanƙwashe kowane mai walda zai iya miƙe shi, shi ne kuma ya fi dacewa da mai son ɗora injin janye mota. Aibinsa nauyi da tsatsa, da kuma cewa ba ya sassauta wa abin da ya buga, dabba ce ko ɗan Adam.

Na biyu shi ne na alminiyam, wanda wasu ke kira goran-ruwa. In aka gwada gunduwa biyu masu girma ɗaya, nauyin alminiyam kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ko da yake ana ƙara masa kauri domin ya yi ƙarfi, don haka rangwamen nauyin ba ya kai haka. Ba ya tsatsa. Amma in ya tsage, ba kowane mai walda ke da na'urar ɗinke shi ba, wanda kuwa motarsa ke kwana a Kuta ko Beji ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗi.

Na uku shi ne na roba mai tauri, wanda cikinsa fanko ne. Ya fi duka sauƙin nauyi, in ya bugi abu yakan lotsa sa'an nan ya koma yadda yake. Masu binciken haɗurran mota na Jami'ar Adelaide a Ostireliya sun gwada ire-iren nan uku a 2006, suka sami cewa na baƙin ƙarfe ya fi yi wa mai tafiya a ƙasa illa, na alminiyam na bi masa, na roba kuwa ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Ga motar da rabin aikinta a cikin gari yake, wannan shi ya fi dacewa in an same shi.

Akwai kuma wani na huɗu wanda bai cancanci a lissafa shi cikin garkuwa ba, watau siririn bututu mai ƙyalli da ake ɗaurawa don ado. Kyan ɗan maciji gare shi. 'Yan ƙananan ƙarafa biyu ne ke riƙe da shi daga ƙasa, in an yi karo sai ya karyo baya ya doki bonet da fitilu da lagireton da aka ce zai kare. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Wanda zai ba mai walda aiki ya dubi ƙarfen da za a yanka da idonsa. Bututun famfo don ɗaukar ruwa aka yi shi, ba don karo ba, hayaƙin da ke tashi in ana waldarsa ma yana cutar da mai aikin. Faranti mai kaurin milimita 3 ko kusa da haka, wanda aka lanƙwasa aka yi masa haƙarƙari daga ciki, ya fi ƙarfe mai kaurin tsiya wanda aka jibga ba dabara. A bar 'yan ƙofofi a ƙasa domin ruwa da taɓo su fita, a kuma shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje kafin a yi na ado. Wanda kuma ya sami ɗan Kwatano ko na gwanjo, ya binciki wuraren walda ko akwai tsaga, ya tabbata kuma an ƙera shi ne domin irin motarsa da shekarar ƙirarta, gama Hilux ta 2004 da ta 2016 ba gaba ɗaya gare su ba.

Nauyi Ba Ƙarfi Ba Ne

Mutane da yawa suna auna kyan ƙarfen gaba da yawan ƙartin da suka ɗaga shi. Wannan kuskure ne mai tsada. Cikakken ƙarfen gaba na baƙin ƙarfe yakan kai kilo 50 zuwa 80, in an ɗora masa injin janye mota a ƙara kamar kilo 30 ko fiye. Nauyin nan kuwa a can gaban ƙafafun gaba yake rataye, saboda haka abin da yake dannawa a kansu ya fi nauyinsa na sikeli, kamar yadda tulu ke ƙara nauyi in an riƙe shi da miƙaƙƙen hannu.

Sakamakon haka shi ne gaban mota ya sunkuya, tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ta ragu, alhali kuwa wannan tazara ita ce dukiyar motar daji. Sifirin da shokazoba su gaji da wuri, tayoyin gaba su cinye ta gefe, birki ya ƙara nisan tsayawa, mai kuma ya ƙara ƙonewa. Kowace mota tana da ɗan allon da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko a ɗakin inji, wanda ya nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Kayan da Hilux ke ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da direba da fasinja. Duk kilon da aka rataya a gaba, daga cikin wannan lissafi aka cire shi, watau buhun masara guda ya sauka ke nan tun ba a yi lodi ba. Wanda ya ɗaura mai nauyi lalle ne ya canza sifirin gaba da waɗanda za su iya, a kuma sake daidaita masa ƙafafu da fitilu, domin kada haskensa ya koma kallon ƙasa.

Yadda Ake Ɗaura Shi

A wajen ɗauri ne aka fi yin ɓarna. Motoci irin su Hilux da Land Cruiser da Prado da Patrol suna da shasi, watau dogayen ƙarafa biyu da suka tashi daga gaba zuwa baya, waɗanda jikin motar ke zaune a kansu. A jikin waɗannan ake ɗaure ƙarfen gaba, ta ƙofofin da kamfani ya riga ya huda, da kusoshi masu noti waɗanda aka buga wa lamba 8.8 ko sama da haka a kai. Ba a walda shi da shasi. Zafin walda yana raunana ƙarfen wurin, girgizar hanyar burji kuma ta bi raunin ta tsaga shi. Daɗin daɗawa, abin da aka ɗaura da noti ana iya kwance shi, na walda kuwa sai an yanka.

Motoci irin su RAV4 da Highlander da CR-V, ko da yake mutane na kiransu jif, ba su da irin wannan shasi. Jikinsu da ƙashinsu abu ɗaya ne, an yi shi da faranti marar kauri. Rataya musu gingimemen ƙarfe kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Akwai kuma wata hikima a ƙirar motocin zamani wadda mai walda bai kamata ya rushe ta ba. Tun 1959, lokacin da kamfanin Mercedes-Benz ya fito da motar da aka yi bisa dabarar injiniya Béla Barényi, masu ƙera motoci suke yin gaban mota yadda zai murƙushe da gangan in an yi karo, domin ƙarfe ya shanye bugun kafin ya iso ga mutanen ciki. Mutane kan ga mota ta lotse su ce ba ta da ƙwari, alhali lotsewar nan ce ta ceci mai ita. In aka ɗaure gaban da ƙarfen da ba ya lanƙwasa, bugun zai zarce kai tsaye cikin shasi, ya isa ƙirjin direba da wuyansa.

Haka kuma jakar iska, wadda direbobi ke kira balan-balan. Wata 'yar na'ura ce ke auna yadda mota ta tsaya farat ɗaya, ta ba da umarni jakar ta buɗe cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. An daidaita na'urar ne da yadda gaban motar na asali yake murƙushewa. In aka canza wannan, jakar tana iya fashewa a ɗan karon da bai kai ya kawo ba, ko ta buɗe a lokacin da bai dace ba a babban karo. Saboda haka ne kamfanonin kirki suke sa wa ƙarfensu wasu maɗaurai masu murƙushewa, suna gwada su a kan kowace ƙirar mota, su kuma manna shaida a jiki. Mai motar da ke da jakar iska ya nemi wannan shaida. Sababbin motoci har ila yau suna da kyamara da na'urar hango abin da ke gaba, wasu a bayan tambarin kamfani suke, ƙarfen da ya rufe su ya makantar da motar.

Tsohuwar Land Rover ko akori-kura wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ita ce aikin mai walda na gida ya fi dacewa da ita. Ko a nan ma, in za a kunna wutar walda kusa da mota, a cire kan batir tukuna.

Siffa Da Tsayi

Ƙarfen gaba mai kyau yana bin siffar fuskar mota, yana ɗan kwantawa baya daga sama. Wanda samansa ya turo gaba kamar goshin rago shi ne mafi muni, domin abin da ya buga ƙasa yake danna shi, ya tura shi ƙarƙashin taya. Kada faɗinsa ya wuce na motar, kada tsayinsa ya tare wa direba ganin abin da ke dab da shi. Kada a bar masa kusurwa mai kaifi, ko ƙugiya, ko tsinin ƙarfe, ko kan kusa da ya leƙo gaba. Duk gefe a naɗe shi ya zama mai santsi. Fitilun hanya da na sigina da lambar mota su kasance a fili, gama waɗannan suna cikin abin da jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suke dubawa. Wanda ke da inshora mai cikakken biya ya sanar da kamfanin canjin da ya yi wa motar tun kafin wani abu ya faru.

Iska ma abin kula ce. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna yakan kusanci digiri 40, motar da ke hawan tudu da lodi a giya ta ɗaya kuwa ba ta samun iskar gudu, fanka kaɗai take dogara da ita. Wanda ya toshe gaban lagireto da faranti da manyan fitilu huɗu, ya kare shi daga ƙahon sa ya miƙa shi ga tafasa. A bar tsakiya a buɗe, a sa raga mai manyan idanu wadda za ta tare karan ciyawa, a riƙa kuma kakkaɓe ta.

Ta ƙasa kuwa, gefunan ƙarfen su ɗaga sama a gaban tayoyi, domin taya ta riga ƙarfe taɓa gangaren ƙorama ko bakin dutse. Ƙarfen da ya zubo ƙasa ko ya yi nisa da fuskar mota, shi zai fara caka a gaɓar rafi, motar ta maƙale ƙafafunta na juyawa a banza. Faranti a ƙarƙashi, wanda zai kare gindin lagireto da tukunyar baƙin mai daga kututture, sau da yawa ya fi bututun sama amfani a hanyoyin Neja.

In mota ta kafe a taɓo, kada a ɗaura igiya a bututun ƙarfen a ja. Ba don haka aka yi shi ba, in ya ɓalle kuwa da ƙarfin majajjawa yake tashi, mutanen da suka taru taimako su ne a hanyarsa. Ana jan mota ne ta kunnuwan ja waɗanda aka ɗaure da shasi. Mai sayen injin janye mota kuma ya nemi wanda ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da lodinta.

A Bakin Kasuwa

Yanzu motar ta baro daji, ta shigo gari, ta doshi Kasuwar Kure. A nan hanya ta kowa ce. Ga keke mai ƙafa uku yana sauke fasinja, ga ɗan dako ya sunkuya ƙarƙashin buhu ba ya ganin gefensa, ga yarinya da farantin gyaɗa a ka ta hango mai saye a ƙetaren titi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, watau waɗanda ba su da ƙarfen da ya kewaye su. Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'arta. Hukumar ta kuma bayyana cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a sa'a.

In ƙaramar mota ta bugi babban mutum, ƙafafunsa take ɗauka, ya kwanto kan bonet, bonet kuwa faranti ne mai lotsawa, yana shanye wani abu daga bugun. Ƙarfen gaba ba ya lotsawa, yana kuma tara dukan ƙarfin a faɗin bututu guda. Saman ƙarfen a motar daji yakan kai kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Ga babba, wannan ƙugu ne da ciki. Ga yaro ɗan shekara biyar ko shida, kai ne.

Wannan dalili ne ya sa ƙasashe suka yi doka. Ostireliya, uwar sana'ar, ta fito da ƙa'idar ƙira a 2002. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2005, daga watan Mayun 2007 kuma aka hana sayar da duk ƙarfen gaban da bai ci jarrabawar kare mai tafiya a ƙasa ba. Indiya ta umarci jihohinta su hana ɗaura shi a watan Disambar 2017. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a Fabrairun 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta sa kilomita 50 a sa'a ya zama iyakar gudu a cikin gari. A ƙofar kasuwa kuwa, mai ƙarfe a gaba ko rabin wannan bai kamata ya kai ba. Malamai sun riga sun bayyana cewa kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, wanda kuwa ya san abin da ya rataya a gaban motarsa ba zai ce bai sani ba.

Garkuwar Da Ta Fi Ƙarfe

Tsofaffin direbobin hanyar Zungeru da Tegina sun san cewa abin da ke raba mota da shanu ido ne da birki. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki, ta riga ta ci mita 30, a kan burji kuma taya ba ta kama ƙasa kamar a kwalta. In an ga saniya ɗaya ta ƙetare, a tabbata akwai na baya, har da ɗan makiyayin da ke kora su. A taka birki mota tana miƙe, kada a fizgi sitiyari, gama doguwar mota mai lodi ba ta da wuyar kifewa. A ɗaura bel, a gyara fitilu, a kuma yi ƙoƙarin fita daji kafin almuru.

Babban haɗarin ƙarfen gaba shi ne ƙarfin halin da yake sa wa direba, har ya riƙa jin cewa kowa ya kauce masa. Wanda aikinsa ya wajabta masa shi, ya zaɓi mafi sauƙin nauyi da zai biya bukatarsa, mai santsin gefe, mai kwantawa baya, wanda aka ɗaura da noti, wanda kuma ya dace da ƙirar motarsa. In kakar kwasar doya ta wuce motar ta koma zaman gari, sa'a ɗaya ta ishi makaniki ya kwance shi a jingine a gida har wata shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba kuma a bakin Kasuwar Kure ya kamata mutum ya fara sanin abin da ƙarfen motarsa zai iya yi wa ɗan maƙwabcinsa ba.